Fuskar Gidanmu Tana Cikin Kati

Lahadi, 15 ga Agusta, 1999

Fuskar zaurenmu ta faɗi. Da hantsi, ana tsaka da ruwan nan da ya ƙi tsayawa tun jiya, muka ji "dim" kamar an sauke buhuna daga mota. Alhamdu lillahi ba kowa a wajen. Akuyar maƙwabta ce kawai ta sha da ƙyar, ta shigo tsakar gidanmu ta tsaya tana hararmu kamar mu muka ture bangon.

Duk zanen da ke jikin bangon ya tafi. Tarin jar ƙasa kawai, ruwa na jan ta zuwa kwata. Baba ya fita da lema ya daɗe a tsaye. Da ya dawo cewa ya yi Umma ta ba shi shayi. Shi ke nan.

Ni kam abin da ya fara zuwa raina: an huta da yaɓe. Kowace shekara sai an yi, kowace shekara ƙura har cikin kwamfutata. Ban dai faɗa wa kowa ba.

Talata, 17 ga Agusta

Baffa Adamu, ƙanen Baba, ya zo daga Tudun Jukun tun da safe. Bai ko gama jaje ba ya fara: bulo, siminti, ƙofar ƙarfe. Wai duk unguwarmu ta Kwarbai mu kaɗai muka rage muna kwana da fargabar damina. Ƙarya ne, muna da yawa, amma ni ina daga bayan labule ina gyaɗa kai.

Can sai ga Bahago magini da sandarsa. Mahaifinsa ne ya yi wa Kaka zanen, shi yana yaro yana miƙa ƙasa. Ya ce in an ba shi aikin zai mayar da shi yadda yake. Baba ya ce, "Ka tuna shi duka?" Ya ce tsaf. Babban dagi a saman ƙofa, takobi a dama, keke a hagu.

Baba ya ce keken a dama yake.

Baffa ya ce babu wani keke, agogo ne.

Umma daga ciki ta ɗaga murya ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan tsuntsu take gani a wajen.

Na yi dariya har na ƙware. Sai kuma na zauna na ce bari in zana shi da kaina a takarda. Na yi ƙofa, na yi zanko biyu a sama, na tsaya. A gidan nan aka haife ni, ta ƙofar nan aka fita da ni ina amarya, ta nan na dawo da akwatunana, amma ban san abin da ke samanta ba.

Tun da Gwaggo Talatu, yayarsu, ta rasu bayan Babbar Salla, babu mai raba Baba da Baffa in sun fara. Yau sai da aka kira azahar. Hukuncin Baba: in an samu hoto kafin ruwa ya ɗauke, Bahago ya gina da ƙasa. In ba a samu ba, Adamu ya kawo bulonsa. Ba zai yarda a yi masa zanen ƙarya a ƙofar ubansa ba.

Laraba, 18 ga Agusta

An zazzage duk albam ɗin gidan nan. Kowane hoto a situdiyo, gaban labule mai jirgin sama. Guda ɗaya ne a ƙofar gida, shi ma ƙafar bango kawai ta fito.

Ina ninke kaya sai na tuna. Yaya Aƙilu! Da ya zo Salla daga Malesiya ai ya zo da kyamarar nan marar fim, ya yini yana ɗaukar kowa da komai. Da zai koma ya ba ni wani ɗan kati, bai kai akwatin ashana ba, ya ce duk hotunan suna ciki, in fitar wa mutane tunda ni ce mai kwamfuta. Ya haɗa mini da abin karanta katin da faifan fulofi guda. Na ce to, na jefa a ƙasan adaka, na manta.

Na ciro su. Abin karantawar kamar ƙadangare ne mai wutsiya biyu: babba ta shiga kafar firinta, ƙarama ban san inda take zuwa ba. Katin ba ya ko motsi in ka girgiza shi. Wai a nan ciki gidanmu yake.

Na gaya wa Baba. Ya juya katin a tafin hannunsa ya ce, "Batulu, kin tabbata?" Na ce aikin minti biyar ne. Bakina!

Alhamis, 19 ga Agusta

Ba wuta tun safe.

Asabar, 21 ga Agusta

Na sa ƙadangare a bayan Tsohuwa (haka nake kiran kwamfutar, ta hannu ce, ofishin da na saya a wajensu ma sun gaji da ita ne). Na sa faifan. Ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta rubuto mini da Turanci cikin ladabi wai wannan abu sai mai Windows 95. Ita kuwa 3.1 ce, kuma ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki sabon ba ko an yi mata ɗura.

Umma ta leƙo ta ce yaya. Na ce direba ne matsalar, direban da ke kan faifan bai san Tsohuwa ba. Ta ce, "To a kira Sani mai bas mana, ai shi ya san kowa." Sai da na yi mata bayani: ɗan rubutu ne da yake koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da baƙon abu. Ta ce ashe tafinta ne, don me ba za a ce tafinta ba?

Da gaskiyarta.

Ba komai. Jibi in kai unguwar Kongo wajen Rabi, ƙawata, shagon da take aiki suna da sababbi.

Litinin, 23 ga Agusta

Yau na ga ta kaina.

Rabi ta ajiye aikin ɗalibai ta sa faifan a sabuwar kwamfutarsu. Ya fara tafiya, ya kai rabi, ya tsaya cak. Muka sake. Nan dai ya tsaya. Ta zame murfin ƙarfen ta ɗaga shi wajen haske: fumfuna, wani ɗan tabo fari kamar an ɗiga koko. Danshin adakata. Duk foldar Windows 95 ɗin ta lalace. Akwai wata ƙaramar folda a gefe mai suna DOS, ita lafiyarta ƙalau, fayil biyu ne kacal a ciki, ba bayani ba komai.

Sai ogansu ya zo, mutum mai kirki amma ba ya iya ganin abu bai sa hannu ba. Ya ɗauki katin ya ce yana da wani aboki mai irin wannan kyamara a Kaduna, a ba shi ya fara yin fomat ɗin katin, daga nan komai zai buɗe. Fomat! Wato a share shi tas. Ban san lokacin da na fizge abina ba. Na ba shi haƙuri daga baya. Rabi ta juya baya tana danne dariya.

A hanya ta ce, "Kin ga abin dariya? Sababbin nan ba su da tafinta. Tsohuwarki ce take da shi, ai DOS ne a ƙarƙashinta." Ta kwafe mini fayil biyun a sabon faifai.

Na sa katin cikin leda, ledar cikin gwangwanin madara, gwangwanin a saman wadirof.

Juma'a, 27 ga Agusta

An kafa zana inda bangon yake. Baba ba ya zama a zaure yanzu. Da la'asar abokan hirarsa suka zo, suka tsaya a waje, suka gaisa a tsaye, suka tafi. Ya dawo ya zauna a tsakar gida kusa da turmi yana kallon kaji. Bai tambaye ni komai ba. Da ma ya tambaya.

Baffa ya aiko a auna faɗin ƙofa.

Ni fa har yanzu bulo nake so. Kawai dai na riga na ce minti biyar.

Litinin, 30 ga Agusta

Na gane ƙaramar wutsiyar! Ta wuta ce. Ƙadangaren ba shi da batir, daga kafar kibod yake shan wuta, shi ya sa take da baki biyu, ɗaya ya shiga kwamfuta, ɗaya kibod ya shiga cikinsa. Ashe duk kwanakin nan da yunwa na bar shi.

Sai dai bakinsa ɗan ƙarami ne, kafar Tsohuwa kuwa ƙatuwa ce irin ta da. Na tafi Sabon Gari neman adafta. Shago na farko suka miƙo mini ta rediyo. Na biyu suka ce in sayi sabuwar kwamfuta. A na ƙarshe mutumin ya juye mini kwali guda na tarkace a ƙasa ya ce in duba da kaina. Na tsuguna da mayafina ina tona kamar mai tsince shinkafa. Na samu. Har biyu, don ana buƙatar mai mayar da ƙarami babba da mai mayar da babba ƙarami.

Na haɗa. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a kan ƙadangaren. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Umma ta rugo da ludayi a hannu ta ce an ga gidan? Na ce a'a, an ga fitila.

Asabar, 4 ga Satumba



Na zauna da littafin DOS ɗin da ya zo da Tsohuwa, wanda ban taɓa buɗewa ba sai don danne takardu. Na gane cewa akwai wani fayil, CONFIG.SYS, da take karantawa kullum in ta farka, kamar mai duba abin da za ta yi yau. A nan ake rubuta mata sunan tafinta. Na rubuta layin. Na kashe. Na kunna.

Baƙi ƙirin. Wani ɗan ɗigo na ƙiftawa a sama, shi ke nan. Kibod ba ya amsawa.

Kuma furojet ɗin wata ɗaliba mai karatun lauya da nake buga wa yana ciki, babi huɗu, jibi za ta zo karɓa, takardun hannunta kuwa na riga na mayar mata ta ce ta ba ƙannenta sun yi wasa da su. Na kashe na kunna har na rasa lissafi. Na fita na wanke fuskata. Na ci ɗumamen tuwo a tsaye ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na dawo na bi littafin shafi shafi. Can wajen ƙarshe: in ka danna F5 tana farkawa, za ta tsallake fayil ɗin. Na danna. Ta tashi kamar ba ita ba. Abu na farko, na kwafe furojet ɗin yarinya a faifai biyu. Na biyu, na goge layina. Na uku, na yi nafila.

Lahadi, 5 ga Satumba

Ban taɓa ta ba yau. Muna gaba.

Alhamis, 9 ga Satumba

Yaya Aƙilu ya bugo waya gidan Alhaji na kan kwana, aka aiko a kira ni. Layin kamar ana soya ƙosai a ciki. Na gaya masa zaure ya faɗi, ya ce yaya Baba. Na ce yana kallon kaji. Ya gane.

Na ce ka ɗauki fuskar gidan kuwa? Ya ce yana jin ya ɗauka. "Yana jin"! Na ce tafinta yana sanƙarar mini da kwamfuta. Ya ce shi bai taɓa gwada na DOS ba, amma matsalar ba za ta wuce kafar firinta ba, an saita ta ne ta aika kawai ba ta karɓa. "Ki shiga saitin ciki, wanda ake shiga tana kunnuwa, ki canza ta zuwa..."

Ɗif. Layi ya yanke. Na zauna jira har matar Alhaji ta kawo mini kunu, na sha, bai sake samu ba.

Zuwa me, Yaya?

Asabar, 11 ga Satumba

Na shiga saitin. Wuri ne shuɗi mai ban tsoro, ko'ina gargaɗi. Na sami kafar firinta, zaɓi uku ne a gabanta, duk haruffa marasa ma'ana. Na ce ai uku ba su da yawa. Na rubuta yadda na same ta a bayan hannuna don kar in ɓata.

Na farko: ta sanƙare. F5.

Na biyu: ta tashi, ta wuce, ta rubuta sunan tafinta, ta ce ta ga baƙo amma ba ta da harafin da za ta ba shi. Wannan kam na san maganinsa daga littafi, layi guda ne, a ce mata haruffa ba su ƙare a D ba. Na ƙara. Na kunna.

Na rubuta E da ɗigo biyu. Na danna.

Ta amsa!

Na ce ta nuna abin da ke ciki. Fitilar ƙadangare ta yi ta ƙiftawa, sai ga sunaye suna gangarowa, layi bayan layi, har suka cika gilashin suka wuce. Kowanne da kwanan watan Salla a gefensa. Na kwafe su duka cikin Tsohuwa, a hankali take ja kamar mai ɗebo ruwa a rijiya mai zurfi, ni kuwa ina ta addu'a kar a ɗauke wuta. Tana gamawa, ko tashi ban yi ba, aka ɗauke.

Ban gaya wa Baba ba tukuna. Sunaye na gani, ba hotuna ba. Na koyi rufe baki.

Litinin, 13 ga Satumba

Gara da na yi shiru. Babu abin da ke cikin Tsohuwa da ya san irin waɗannan hotunan. Na koma Kongo, Rabi ta tono mini wani ɗan furogiram na kallon hoto da ke aiki da 3.1. Ta ce in ya buɗe in zo in gaya mata ko da gudu ne. Oganta ya gan ni ya ɓoye hannuwansa a baya. Muka yi dariya mu duka.

Gajimare ya fara sirancewa. Yau ko yayyafi ba a yi ba.

Laraba, 15 ga Satumba

Ya buɗe.

Hoton yana saukowa ne daga sama, zare zare, kamar ana saƙa shi. Na farko: sararin sama, sai ƙaho, sai ido. Rago. Na biyu: ragon, ta gefe. Na uku: ragon yana cin dusa. Yaya Aƙilu, Allah ya shirye ka! Ka tsallako teku ka zo ka ɗauki rago.

Sai mutane. Umma tana kare fuska da faifayi. Ni da bakina a buɗe, wannan ba mai ganinsa har abada. Yaran unguwa. Mahauci. Babu hoto ko ɗaya da aka ɗauki gidan don kansa.

Sai na lura da bayan ragon. An ɗaure shi ne a ƙofar gida. Ga ƙasan zanen nan a bayansa, ɓangaren hagu. A hoton yara, ga tsakiyar. Na shiga bi ɗaya bayan ɗaya ina kallon bayan mutane ba fuskokinsu ba. Gidan yana nan, a gutsure, kowa ya tare wani yanki.

Akwai guda biyu kusa da ƙarshe. Ɗaya ya sa ni dariya. Ɗayan kuma na daɗe ina kallo, na rufe, na je na taya Umma tankaɗe ba tare da ta roƙe ni ba. Ba zan rubuta ba sai sun gani.

Juma'a, 17 ga Satumba

Bayan an sauko daga masallaci. Tunda Bahago ba zai shiga cikin gida ba, muka ɗauko Tsohuwa ɗungurungum zuwa soron ciki, aka ja waya ta taga. Baba a kan buzunsa, Baffa Adamu a kujera da makullin mota a hannu don a san sauri yake, Bahago ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Umma a bakin ƙofa.

Na fara da ragon. Baffa ya ce, "Wannan aka tara mu mu gani?" Bahago ya ce, "Tsaya, Alhaji." Ya sa yatsa a bayan ƙahon. "Ga keken nan. Hagu." Baba ya yi gyaran murya ya ce in mutum yana fitowa daga gida ai dama ne. Ba wanda ya musa masa.

Tsuntsun Umma ma yana nan, ɗan ƙarami a ƙarƙashin indararo. Ta ce, "Ai na faɗa." Agogon Baffa ne kawai babu.

Sai na buɗe na dariyar. Zanko ya sauko, babban dagi ya sauko cikakke, sai hula, sai Baffa Adamu da kansa cikin babbar riga, ya tsaya a tsakiyar ƙofa ya dafa zanen da hannu ɗaya, ya ɗaga haɓa kamar shi ya gina. Duk hotunan babu wanda ya nuna fuskar gidan kamar wannan. Baffa ya ce Aƙilu ne ya ce ya tsaya a nan. Baba ya ce, "Shi ya ce ka dafa?"

Na ce saura ɗaya.

Gwaggo Talatu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na fasfo sai da aka yi rigima. Yaya ya ɗauke ta ba ta sani ba. Tana fitowa daga zaure, ta riƙe gefen ƙofa, daidai inda zanen ya sulɓe don yawan dafawa, ta juyo tana yi wa wani dariya.

Fankar Tsohuwa kawai ake ji. Baffa ya ajiye makullin a ƙasa. Can ya ce, "Da wa take dariya?" Baba ya ce, "Da kai mana. Ba ka tuna ba? Ragon ya taka maka riga." Baffa ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya ja hannun riga ya goge ido.

Da zai tafi ya tsaya wajen zanar ya ce wa Bahago, "Tushen dai a sa dutse da siminti, kar mu sake wannan." Bahago ya ce wannan ba laifi. Baba ya ce ba laifi.

Ba wanda ya ce an fasa bulo. Ba wanda ya sake ambatonsa.

Asabar, 18 ga Satumba

Na je na gaya wa Rabi. Ba da gudu ba, amma kusan. Mun buga hotunan a firintarsu mai launi, na Gwaggo guda uku: Baba, Baffa, da wanda za a aika wa Yaya.

Talata, 26 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke tuni. An zubo jar ƙasa, an kwaɓa, tubala sun bushe a layi a gefen hanya kamar an shanya ƙwai. Bango ya kai kafaɗa. Na yanka hotunan na manna su a kwali guda, bayan rago kusa da bayan yara kusa da Baffa, har fuskar gidan ta haɗu, sai 'yan ramuka inda kawunan mutane suka tare. Bahago ya ce waɗannan ya san su, hannunsa zai tuna in ya isa wajen.

Ƙura ko'ina. Na lulluɓe Tsohuwa da tsohon zanen Umma.

Asabar, 13 ga Nuwamba

An fara zane. Ban taɓa tsayawa na kalla ba sai yau. Yana ɗora ƙasar tana da danshi, ya bi ta da yatsa da wata 'yar wuƙa, layin dagin ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito ta can, bai ɗaga hannu ba. Na riƙe masa kwalin. Wai minti kaɗan zan yi, sai da aka kira la'asar.

Ya yi kuskure a wutsiyar tsuntsu, ta karkata ƙasa. Na ce, "Baba Bahago, a hoto sama take kallo." Ya dube ni, ya dubi kwali, ya gyara. Ya ce da ni namiji ce da ya ɗauke ni aiki. Na ce Allah ya kiyaye, ni da ƙasa.

Baba ya sa an shimfiɗa tabarma a zaure tun bango bai bushe ba. Abokansa sun dawo. Musu suke yi a kan ko keken da can ya fi wannan girma.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Na kai wa wata ɗaliba aikinta, na biyo ta lungun bayan kasuwa don ya fi kusa. Akwai wani gida a nan, na sha wucewa. Yau na ga an jibge yashi da bulo a ƙofarsa. Na ɗaga kai. Zanensu ya fi namu tsufa, wasu irin ganyaye ne da suka nannaɗe har saman ƙofa, rabinsa ya zaizaye.

Ban san maigidan ba. Na yi sallama aka kira shi, wani dattijo mai fara'a. Na ce yaushe za a rushe? Ya ce bayan azumi in Allah ya kai mu. Na ji bakina yana cewa ko zai bari a ɗauki hotonsa tukuna, daga nesa, duka, ba mutum a gaba. Ya ce, "'Yar wane ce ke?" Na faɗa. Ya ce au, gidan da aka fito da bango daga cikin talabijin. Ya ce in zo duk ranar da na so.

Kyamara ma ba ni da ita. Na tsaya wajen mai hoto na bakin titi mun yi magana, Litinin da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Na kuma rubuta wa Yaya ya gaya mini ko tasa tana nan, tunda na ji ya ce zai sayi sabuwa.

A hanyar dawowa na ga wasu gidajen guda biyu. Wuyana har ciwo yake don kallon sama.

Ba wani abu ba ne. Bulo ya fi sauƙi, wannan ko gobe zan faɗa. Kawai dai ganyayen nan, ban gane ta inda suka fara ba, kuma ina so in gane.